Kofunan Bara'atu Marasa Suna

Duk wanda Bara'atu ta Wurno ta miƙa wa abin sha, sai ta faɗa masa wanda ya haɗa shi kafin kofin ya isa hannunsa. Baƙi kan ɗauka fahariya ce, alhali kuwa ɗabi'ar tana da asali.

Bara'atu ta tashi ne a hannun goggonta, Uwaliya, wadda aka san ta da ruwan tsamiya tun daga Wurno har Kwargaba. Ba a yin suna ko walima a unguwarsu ba tare da tulunta ba. A gabanta Bara'atu ta koyi jiƙa tsamiya, da daka citta da kanumfari, da sanin lokacin da mazarƙwaila ta isa. Sai dai da tsufa ya kama Uwaliya, ɗanɗano ya soma guje wa bakinta, ita kuwa ba ta sani ba. Ta riƙa ƙara yaji saboda ba ta jin sa. Mutane kan karɓa da hannu biyu, su yi godiya, su zubar bayan ta juya. Bara'atu ma ta sani, amma ta yi shiru kamar kowa.

Mijinta, Gidaɗo, mai buɗe ƙofofin ruwa ne a fadamar shinkafa. Wata rana ya ba ta labarin yadda malaman gona suka dafa shinkafa iri-iri a tukwane marasa suna, suka ce manoma su ci su zaɓa. Dabarar ta burge ta ƙwarai. Da hutun Ƙaramar Sallah ya zo, 'yan matan dangi suka dawo daga makarantu, sai ta ƙudurta koya musu bambance abin sha mai kyau ta wannan hanya. Ta haɗa zoɓo da kunun aya da nata ruwan tsamiyar, ta jera kofuna a kan tabarma ba tare da faɗin wanda ya haɗa kowanne ba.

Ana shirin farawa sai ga Uwaliya ta yi sallama, riƙe da ɗan tulunta na gaisuwar Sallah. Mayar da shi rashin kunya ne, ɓoye shi kuma ya fi muni. Bara'atu ta karɓa, ta shiga ɗaki ta zuba a kofuna, ta jera su cikin sauran. Ta tabbata a ranta cewa babu yarinyar da za ta kushe abin dattijuwa a gabanta. Ta manta cewa ita da kanta ta cire abin da zai sa su gane na dattijuwar ne.

"Ku sansana tukuna, kana ku kurɓa," in ji Bara'atu. "Kowa ta faɗi gaskiya, ba a jin kunyar kofi."

Aka yaba zoɓo, aka yi gardama a kan kunun aya, ana ta dariya. Sai Hassana, ɗiyar ƙanen Gidaɗo, ta ɗauki kofin ƙarshe ta kurɓa, ta tsuke fuska.

"Wayyo halshena! Inna Bara'atu, wanga mi na ne? Maganin mura kinka ba mu?"

"Ko na tari," in ji wata. "Wadda tay yi shi ta yi faɗa da mai yaji ne."

Uwaliya ma tana dariya tare da su. Ta miƙa hannu ta ce a ba ta ta ji. Ba ta ji komai a bakinta ba, amma ta ga launin, ta kuma ga ɓarɓashin kanumfarin da ita kaɗai ke bari a gindin kofi. Dariyar ta tsaya. Ta dubi Bara'atu.

"Tun yaushe?"

Bara'atu ta sunkuyar da kai.

"Ashe kin sani," in ji Uwaliya a hankali. Ta ɗauki mayafinta, ta bar tulun a nan.

Tun daga ranar ta kife tukwanenta. Aka yi suna biyu a unguwar babu ruwan tsamiyarta. Bara'atu ba ta ga laifin Hassana ba ko kaɗan. Abin da ya riƙa cin ta shi ne, maganar da ya kamata ta faɗa wa goggonta su biyu a ɗaki, ta bari ta fito daga bakin yara a bainar jama'a.

Gab da Babbar Sallah ta wanke tulun, ta ɗauki tsamiya da citta, ta je ta durƙusa a ƙofar ɗakin tsohuwar.

"Goggo, na zo ki gafarce ni."

Uwaliya ta daɗe tana kallon tulun, sannan ta jawo turmi.

"Hannu bai mance ba, halshe ne yat tafi. Zamna nan. In na zuba ki kurɓa, in ya isa ki ce ya isa. Kada ki ƙara yi min kara."

Haka suka riƙa yi har ƙarshen rayuwar Uwaliya, ita tana zubawa, Bara'atu tana ɗanɗanawa. Tulun ya koma gidajen suna. Amma tsohuwar ba ta sake zama a kan tabarmar Bara'atu ranar Sallah ba, Bara'atu kuma ba ta sake jera kofi babu suna ba.