Aron Dutsen Inna

Masana tarihi sun cika littattafai da labarin waɗanda suka gina ganuwa da waɗanda suka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, amma har yau ban ga wanda ya ɗauki alƙalami ya ba mahaifina haƙƙinsa ba, alhali shi ne ya haɗa gaɓar duniya ta nan da ta can da duwatsu bakwai. Duniyar kuwa ita ce ƙauyenmu na ƙasar Kiru da kasuwar Ƙafin Maiyaƙi. Abin da ya raba su rafi ne, wanda a idona na wancan lokaci ba shi da maraba da tekun da malaminmu yake nuna mana a taswira.

Ina tuna wata safiya a daminar da na shiga aji biyu na elementare, a tsakiyar shekarun 1950. Ruwa ya kwana yana zuba, gari ya waye fes, dawa ta kai ƙugu tana ɗigar da ruwa, ƙasa sai ƙamshi take. Ranar kasuwa ce. Ni da Inna muna tsakar gida za mu fara niƙa, sai ga Baba ya shigo, wando a naɗe har gwiwa. Ya ce ruwa ya tafi da dutsen tsakiya na mashigi, wata Bafulatana ta zame, nononta ya bi rafi har ruwan ya yi fari, ga mutane can sun taru a gaɓa da kaya a ka. Yana magana, idonsa yana kan dutsen niƙan Inna.

Babu wanda ya naɗa Baba sarkin mashigi. Shi ya ga mata suna shiga ruwa da goyo, ya jera duwatsu, ya mai da gyaransu aikinsa na kowace damina. Haka yake. In an yi rasuwa shi ne farkon zuwa haƙan kabari, in kaka ta yi shi ke kwaɓa ƙasar yaɓen masallaci, in gwauruwa ba ta da mai yi mata noma shi ke kiran gayya. Duk da haka bai taɓa dawowa gida hannu wofi ba, ko da guntun rake ne zai yanka mana shi daidai wa daida, ya dafa goshin kowannenmu ya ji ko da zazzaɓi. Matsalar ɗaya ce: Baba bai san inda katangar gidansa ta tsaya, gari ya fara ba.

Dutsen nan kuwa ba dutse ne kawai ba. Na mahaifiyar Inna ne, wadda ta rasu Inna tana ƙarama, kuma shi kaɗai ne abin hannunta da ya biyo Inna daga Badafi ranar da aka kawo ta. Hannun mata biyu ya lotsa tsakiyarsa har ya yi santsi kamar cikin ƙwarya. In Inna tana niƙa takan yi ƙasa da murya, ban taɓa sanin waƙa take ko hira ba.

"Innarsu, aro nake so," in ji Baba. "Zuwa ɗaukewar ruwa kawai."

"Malam, wa ka taɓa ji ya ari dutsen niƙa ya kai rafi?"

"Ba a taɓa ba. Amma aro ne."

Inna ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta ɗauki ɗan dutsen, wato ƙaramin da ake murzawa a sama, ta shige ɗaki da shi. Baba ya fassara shirun yadda ya fi dacewa da buƙatar jama'a, ya kira maƙwabta biyu, suka mirgina uwar dutsen har rafi, suka kife ta a tsakiya. Ta zauna daram kamar don wurin aka halicce ta. Ranar an ci kasuwa.

Ni dai na yi murna a ɓoye, a zatona niƙa ya ƙare. Ashe sai dai in ɗauki dawa a ka in kai gidan maƙwabta, in jira matan gidan su gama, in niƙa ana yi mini tsiya, ana tambaya ko kifaye sun iya niƙa da dutsenmu.

Ruwa ya ɗauke, ba a dawo da dutse ba, don yashi ya riƙe shi, kuma Baba ya ce in aka ciro shi sauran shidan za su yi rauni. Da aka gama girbi sai ya ari jaki, ya nufi duwatsun wajen Doguwa, ya yi kwanaki, ya dawo da sabon dutse, ƙafarsa duk kaushi. Sabon dutse kuwa zubar da tsakuwa yake. Shekara guda muka yi muna cin tuwo yana ƙaras-ƙaras a haƙori. Baba ne kaɗai bai taɓa yin ƙorafi ba. Yakan tauna a hankali, ya haɗiye, ya ce bai taɓa cin tuwo mai auki irin wannan ba.

Kowace kaka Inna takan tuna masa cewa akwai aro a kansa, shi kuma ya amsa da cewa yana sane, baɗi in Allah ya kai mu. In za ta Badafi ganin dangi, takan taka duwatsu uku, ta tattare zane ta shiga ruwa ta kewaye na tsakiya, ta hau sauran ukun. Ba za ta sa ƙafa a kan dutsen uwarta ba. Shi kuma yana tsaye cikin ruwa har gwiwa, ya miƙa mata hannu. Har yau in na rufe ido haka nake ganinsu, hantsi yana wasa a kan ruwa, mazari suna shawagi, su biyu a tsakiyar rafi, dutse a tsakaninsu.

Baba ya rasu na riga na zama malamar makaranta. Bayan sadakar arba'in yayyena suka ce aro nauyi ne a kan mamaci, za su haƙo dutsen su sauke masa. Inna ta ce a kai ta rafin. Ta tsaya a gaɓa ta daɗe tana kallo. Ƙafafun mutane sun lotsa bayansa kamar yadda hannun uwarta ya lotsa cikinsa. Sai ta cire takalmi, ta taka uku, ta hau na huɗu, ta tsaya.

"Ku bar shi," in ji ta. "Na ba shi."

Yanzu inji ke niƙa a garinmu, 'yan acaɓa kuma suna bi ta kan kwalbati ba su ko waiwaya ba. Ɗan dutsen yana wurina, ina danne takardu da shi. Bara na je na auna tekun Baba da ƙafata. Taku tara ne.