Ranar da Na Kwanta a Kan Mutumin da Ake Duka

Salama gare ku. Wata biyar ban ce uffan a shafin nan ba. Masu tambaya ko Bitrus mai kayan babur ya bar Daura, ina nan. Jinya na yi.

Wata ranar kasuwa da hantsi ina shago na ji ana ihun ɓarawo. Wani magidanci ne daga wajen Zango, wai ya tura babur ɗin wani. Kafin in fito an kayar da shi. Masu gora, masu dutse, wani yana cewa a kawo taya da fetur. Jini cike da bakinsa yana cewa, "Wallahi na ɗauka nawa ne, kala ɗaya ne!"

Kowa a kasuwar ya san ni Kirista ne. Kullum da safe ina roƙon Yesu ya sa a gan shi a halina. Ban san haka amsar za ta zo ba.

Na kutsa na kwanta a kansa.

Gora ta sauka a haƙarƙarina. Sai ƙarfe a ƙeya. Na ji muryar maƙwabcina Alhaji Sale yana cewa, "Ku bari! Bitrus ne!" Daga nan ban san komai ba.

A asibiti aka ɗinke kan, amma amai ya ƙi tsayawa, aka tura mu Katsina. Hoto ya nuna jini ya taru a cikin kai, haƙarƙari uku sun karye. Likita ya ce wa matata Rifkatu, "Ki sa hannu yanzu, wannan ba ya jira."

Alhaji Sale ya cika mota da 'yan kasuwa, suka ba da jini.

Na farka da roba a ƙirji. Hannun dama ba ya motsi. Na kalli 'yata, sunanta ya ƙi fitowa. Ba zan ɓoye muku ba, makonni na yi ina tsanar mutanen da suka doke ni. Ko addu'a ba na iya yi, Rifkatu ke yi mini.

Wata rana ana gasa mini hannun, sai Alhaji ya shigo da Nura, mai babur ɗin, tsohon kwastomana. Ya durƙusa a gabana.

"Baba Bitrus, ni na buga ƙarfen. Idona ya rufe."

Da ƙyar na ce, "An yafe mini da yawa, Nura. Na yafe maka. Amma ka je Zango ka nemi gafarar wancan."

Ya je. Mutumin yana raye, da ɗingishi. Yanzu a layinmu in aka kama wani, shagon Alhaji ake rufe shi har 'yan sanda su zo, kuma Nura ke tare ƙofa.

Na koma shago. Kunnena na dama ya daina ji, hannu yana dawowa.

Na gode wa Ubangiji, da Rifkatu, da 'yan cocinmu, da Musulmin da jininsu ke yawo a jikina.

In an bugu a kai aka fara amai, kada a jira gobe. Ku riƙa ba da jini. In kun ji ihun ɓarawo, kada ku ɗauki dutse. Mutum ne a ƙasan nan.