Baitin ranar Talata

Ni ban shiga lakwal na yi boko ba, amma duk Gangara babu macen da ta kai ni riƙe waƙoƙin niƙa. Na uwata ne, a bakin dutse na koye su. Tun da injin ya kori dutse 'yan mata suka daina koya. Ni kuma shekarun nan wani baiti yakan zo mini da hantsi, kafin azahar ya gudu. Ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Jikata mai aiki a meri ta Belbeji, ofishin magajin gari, ta zo hutu, ta ce kullum in rera, ta ɗauka a salula, ta tura gajimare a ajiye.

"Gajimare? A nan Damargu, da rani? Ke 'yar nan, fita ki dubi sama. In kin ga ko ƙyalle ɗaya, na ba ki zanena."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Kaka, suna ne kawai. Rumbu ne can nesa, rezo ke kai kayan."

"To ki ce rumbu mana!"

Ran Juma'a ta tura waƙoƙin gaba ɗaya, sannan ta ce in zaɓi yadda za a riƙa ƙarawa. Ko dai kullum a tura na ranar kaɗai, babu nauyi, amma ranar ɗaukowa sai an haɗa ranakun duka a jere. Ko kuma kullum a sake tura duk abin da ya taru tun Juma'a. Kayan na ƙara nauyi, amma ranar ɗaukowa biyu kawai ake nema, na Juma'a da na ƙarshe. Ita na farkon take so, don rezon garinmu sai an hau tudu ake kama shi.

Na ce mata na ga ayarin Buzaye tun ba a haifi uwarta ba, raƙumi ɗaure a bayan raƙumi. Igiya ɗaya ta tsinke a tsakiya, shi ke nan, na baya sun tsaya kiwo. "A jibga wa na ƙarshe duka."

"Ƙafafuna ne za su sha tsayuwa a tudu, tsohuwa, ba naki ba."

"Ƙafafun da ke zagaye kasuwar Tanout sau uku don ɗankunne?"

Ran Talata wani baiti da na yi shekaru ina nema ya faɗo bakina, wanda uwata ke tsokanar surukarta da shi, mai lasar gari tana cewa bai yi laushi ba. Jikata ta ɗauka, ta tura. Laraba ma ta hau tudu tana mita. Alhamis salula ta faɗa rijiya, yarinyar na nuna mini wai ta iya jan guga. Baitin kuwa ya riga ya bar kaina. Ranar ko fura ban sha ba.

Ta je Belbeji ta dawo da wata salula. "Kaka, na Talata ya lalace a hanya, ya ƙi buɗuwa."

Na hau salati. Ta bar ni a haka, 'yar nema, tana kallon fuskata, sannan ta danna na Laraba. Sai ga muryata, surukar na lasar garinta.

Ta ce, "Ashe kin manta shi."

"Wa? Ni? Raƙuminki nake gwadawa. Sake sa shi, in ji ko ya zubar da wata kalma a hanya."

Ta sa sau uku. A na huɗu na bi shi.