Awon Sauri da Agogon Baba

A shekarar ƙarshe ta karatuna na kwamfuta, malamin da ke duba aikina na kammalawa ya ba ni abin da na ɗauka shan ruwa ne. Ya ce in auna sauri. Akwai wata dabara da masu sana'armu ke kira JIT. Kwamfuta ba ta jin yaren da muke rubuta mata umarni da shi, sai an fassara mata layi bayan layi, kamar yadda tafinta ke yi a cocinmu daga Hausa zuwa yarenmu na C'lela. Ita wannan dabara tana lura da wurin da ake yawan maimaitawa, ta fassara shi sau ɗaya ana cikin aiki, ta ajiye. Nawa shi ne in kashe ta in auna, in kunna ta in auna, in faɗi yawan saurin da aka ƙaru da shi. Malamin ya ja mini kunne cewa wani baƙon malami zai zo yi mana tambayoyi, kuma duk wanda awonsa ya rushe a gabansa zai maimaita shekara.

Na zo hutu gida Zuru da aikin. A lokacin sai bayan azahar ake kawo mana wuta, in an ga dama. Sai na tsara kaina: da safe in yi awo da dabarar a kashe, kwamfuta na kan batir, da yamma in jona ta a wuta in yi na kunne. Cikin mako guda na ga saurin ya ninka har sau biyar. Na taka rawa a tsakar gida har Mama ta ce ko miji na samu.

Babana tsohon soja ne, kamar rabin dattawan unguwarmu. Bayan ya ajiye kaki ya koma gonarsa da ke hanyar Dabai, kullum a kan mashin. Bai san komai game da kwamfuta ba, akwati ma yake ce mata. Wata ranar Lahadi yana gyara ƙotar fartanya a gindin mangwaro, ina kusa da shi a tabarma, sai ya ce, "Ɗiyata, mi ya sa akwatin nan naki shiru da safe, da yamma kuma ya riƙa huci kamar mashin a kan tudu?"

Na ce fanka ce, Baba.

"To da safe ba ya jin zafi?"

Na yi masa bayani irin na 'yan boko, mai tsawo, da ɗan raini a ciki. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "A bariki in za a gwada gudun mutum biyu, ba a cika ma ɗaya ciki a bar ɗaya da yunwa."

Raina ya ɓaci. Zuciyar Mama na gado, ba ta jira. Na naɗe tabarmata na shige ɗaki, ina cewa a raina wanda bai taɓa danna ko harafi ɗaya ba shi zai koya mini aikina. Amma maganar ta ƙi barina. Na bincika, sai ga shi ƙiri-ƙiri: idan kwamfutata tana kan batir, da kanta take rage ƙarfi don ya daɗe. Ashe mako guda na yi ina auna zuwan wuta da ɗaukewarta, ina sa wa dabarar hular da ba tata ba. Na kifa kai a katifa na yi kuka. Saura kwana goma in koma makaranta.

Dole in sake komai a kan wuta tsayayyiya, tamu kuwa ana cikin awo take ɗaukewa. Maƙwabcinmu ya ara mana ƙaramin janareta, amma a lokacin mai ya yi wuya a gari, sai ka wuni a layi ka dawo da jarka wayam. Washegari da safe na fito na tarar Baba ya tayar da janaretan. Ban tambaye shi inda ya samo mai ba. Kaina kawai na sani a kwanakin nan.

Ya ɗauko agogon da a da yake riƙe wa kuratan soja lokacin gudu, da wani littafin rubutu mai layi. Na ce masa kwamfuta tana auna lokacinta da kanta. Ya ce, "Ita ce ta yaudare ki jiya." Ya zauna. Shi ya kafa doka: a kashe dabarar a auna, a kunna ta a auna, bi da bi, sau goma-goma. Zagayen farko kuma ya sa na ware shi gefe, wai ba a sanin manomi a kunyar farko, sai jiki ya yi ɗumi. Nan na ga gaskiyarsa, domin ita ma dabarar sai ta ɗan jima tana lura kafin saurinta ya fito. Kwana uku muna haka har rana ta take tsaka, ni ina kiran lamba, shi yana danna agogo yana rubutawa da manyan baƙaƙe. Da la'asar sai ya saɓa fartanya ya fita.

Sau biyar ɗina ya narke. A dogayen ayyuka saurin bai ma kai ninki biyu ba. A gajeru kuwa dabarar jan ƙafa take yi, don kafin ta gama shiri an gama aikin. Na zumɓura baki na ce wa zai yaba wannan. Baba ya rufe littafin ya miƙo mini. "Rubuta haka," ya ce.

Ranar komawata a ƙafa ya raka ni tasha, jakata a kafaɗarsa. Ya ce mashin na ɗan ciwo.

Baƙon malamin dogo ne marar fara'a. Ya juya shafukan aikina, ya dube ni ta saman tabarau, tambayarsa ta farko ita ce, "A batir kika auna ko a wuta?" Na ce a wuta. Na ajiye masa littafin mai layi. Ya daɗe yana bin lambobin da yatsa, ya tambayi rubutun wane ne. Na ce na babana ne. Ya ce injiniya ne? Na ce manomi ne. Ban maimaita shekara ba.

Da na kira gida, Mama ce ta ɗauka. Bayan guɗa da godiya ga Ubangiji, na ce yaya mashin, an gyara? Ta yi dariya ta ce babu abin da ya samu mashin. Tiyo Baba ya zura a tanki ya zuƙe man tas ya zuba wa janareta. Tun daga ranar a ƙafa yake zuwa gona ya dawo, da tsakiyar damina, da gwiwar nan tasa da ke kumbura. Ya yi kusan mako biyu a haka kafin ya samu mai, kuma ya hana ta gaya mini.

Kunya ta rufe ni da na tuna yadda na naɗe tabarma a gabansa. Ta miƙa masa wayar, na ce, "Baba, na gode." Na faɗa sau uku, don ban san wata kalmar ba.

Ya yi gyaran murya. "Kin dai gaya masu sau goma-goma muka yi ko?"

Na ce na gaya musu, Baba.