Yadda Seu Anacleto Ya Ɗauke Mana Gari

A makaranta an koya mana cewa Seu Anacleto ne ya raya garinmu, Cacimba Torta. A gidanmu ɓarawo muke kiransa, kuma mutuwarsa ba ta sa na sauya masa suna ba.

Da can garin a kwari yake, kewaye da ɗan cocin da mahaifin kakata Zulmira ya gina wa Waliyyi Benedito. A ƙofar cocin kasuwa ke ci, nan Kaka ke sayar da wainar rogo, da ita ta raini 'ya'yanta. Anacleto kuwa mai korar alfadarai ne, ya kafa kanti can kan tudu bakin sabuwar hanya, inda ko kare ba ya leƙawa.

Shekarar da ruwa ya rusa rufin cocin, sai ga shi da hula a hannu.

"Dona Zulmira, ai bai kamata waliyyi ya kwana a ruwa ba. Bari ya zauna a rumfata kafin a gyara."

Aka kai masa mutum-mutumin waliyyin. Masu addu'a suka bi waliyyi, 'yan kasuwa suka bi masu addu'a.

Kaka da 'ya'yanta suka ɗora rufi da hannunsu. Ranar bikin waliyyi Kaka ta hau tudu.

"To, mai alfadarai, mun zo ɗaukar baƙonka."

"Ga shi nan, uwata. In ya yarda ya tafi, ni wane ne?"

Kowa a yankinmu ya san waliyyi kan yi nauyi idan ba ya son tashi daga wuri. Masu ɗaukarsa a ranar 'ya'yan ƙanwar Anacleto ne, ƙarti huɗu. Suka sa kafaɗa, suka yi nishi, ɗaya har da durƙusawa.

Suka hau ihu: "Ya ƙi! Waliyyi ya ƙi!"

Kaka ta ce, "Icen da yarinya ke ɗagawa in za ta yi shara? Matsa, rago, ni in ɗauka!"

Matan da ke cin wainarta bashi su suka riƙe ta, wai kada ta ja wa gari fari.

Gida bayan gida aka kwashe tubali aka hau tudu. Kaka ta ƙi binsu. Ta ci gaba da hura wuta a ƙofar cocin da ba kowa, har kawuna ya lallaɓa ta ta daina, don wainar sai dai a ba kaji.