Hannun Kofur Timoti

Duk wanda ya ɗaura agogo a Gombe a shekarun nan ya san Kofur Timoti. Ɗan tebur gare shi a bakin kasuwa, da gilashin ido ɗaya da yake maƙalawa, da gwangwanin madara cike da ƙananan kusoshi. Mutumin Kaltungo ne, gajere, ga son gardama kamar me. Ya yi yaƙin Bama yana saurayi, kuma abin da ya dawo da shi bai wuce uku ba: tabo a ƙauri, da gyaran agogo, da wasan ces da wani sojan Indiya ya koya masa.

Ni Aƙilu, akawun awon auduga nake a lokacin. Agogona na kai masa, na tarar ya jera wasu 'yan itatuwa a kan allo mai gida-gida. Na ce wace irin dara ce wannan? Ya ce ba dara ba ce, kuma ba ta irin kaina ba ce. To, ni ba a gaya mini haka. Na zauna, kuma zaman nan ya ɗauke mu shekara ashirin.

Kullum bayan la'asar a zaurena na unguwar Dawaki muke haɗuwa. Shi ya sassaƙa 'ya'yan wasan da kansa, shi ya raɗa musu suna. Mai tafiya a karkace ɗin nan, nawa limami ne, nasa fasto. In ya cinye mini shi sai ya cire hula ya yi mini ta'aziyya, har matata Inno ta leƙo ta ce mu ji kunya, da furfurarmu. Yakan ci ni sau bakwai in ci shi sau uku, amma a gari cewa nake kunnen doki muke yi.

Bayan ƙarin albashin Udoji kowa ya sayi agogo, har masu tura kura. Aiki ya yi wa Kofur yawa, kuma a daidai lokacin hannunsa na dama ya fara rawa. Ba kullum ba, sai ya gaji ko ransa ya tashi. A wurin aiki yakan dafe gwiwar hannun da tebur, ya yi wa mai agogo hira har abin ya lafa. A zaurena ne kawai ba ya ɓoyewa, don in ya kai hannu ya ture doki, ni nake tayar masa. Ya roƙe ni kada kowa ya ji, ko matarsa Hilda, domin ba mai ba wa mai rawar hannu agogonsa, ga 'ya'ya biyu a makaranta. Na yi masa alkawari.

Shekarar da aka ba mu jihar Bauchi, wani malamin lissafi, Malam Bamanga, ya shirya gasa a ɗakin taron makarantarsu. Mu goma sha shida ne, malaman makaranta da ma'aikatan jirgin ƙasa, sai mu tsofaffi biyu. Wanda ya ci zai je Bauchi ya wakilci Gombe. Malam Bamanga ya karanta mana dokoki, ciki har da wadda ba mu taɓa bi ba: abin da ka taɓa da niyya, shi za ka tura. Muka yi ta kakkaɓe yaran nan ɗaya bayan ɗaya, ranar Asabar ta uku sai ga ni ga Kofur a wasan ƙarshe.

Ba zan ɓoye ba, ina son zuwa Bauchin nan. Na yi ritaya, ba wanda ke tashi in na shigo wuri, kuma shekara goma sha huɗu ina shan kashi a zaurena. Har sabuwar hula na saya na ɓoye.

Wasa ya yi nisa, Kofur ya matse ni. Na ga abin da zai yi, doki zai tura, daga nan sai dai in miƙa wuya. Mutane sun zagaye mu, rabinsu da agogon da ya gyara a hannunsu. Ya kai hannu wajen dokin, sai hannun ya karkata, yatsunsa biyu suka sauka a kan sarauniya. Kuma duk inda sarauniyar nan ta matsa, wasan ya juye.

Malam Bamanga ya tambaye shi ko da niyya ya taɓa. Kofur ya ɓoye hannun a ƙarƙashin tebur. In ya ce kuskure ne, za a ce garin yaya, ga idanu a kansa. Sai malamin ya juyo gare ni.

“Baba Aƙilu, kai ne a gabansa. Me ka gani?”

Wallahi amsa tana bakina. In ce hannun rigarsa ne ya ja, ko in ce a bar shi, ni ban yi ƙara ba. Da shi ke nan, asiri a rufe, wasa ya ci gaba. Na san haka sarai, kuma na san ba zai iya kare kansa ba. Na dubi allon, na ce, “Ya taɓa.”

Ya tura sarauniyar, na cinye dokin, bayan ɗan lokaci ya kwantar da sarkinsa, alamar ya sallama. Aka tafa mini. Na je Bauchi da sabuwar hulata, wasu ɗalibai suka yi mini cin kaca sau huɗu a jere, na hau mota na dawo.

Kwana tara na ƙi bi ta bakin kasuwa. Rana ta goma sai ga shi a zaure da allonsa a hammata. Na shirya ya zage ni, har na fi son hakan. Ya jera 'ya'yan wasa, ya ture fasto, na tayar masa. Sannan ya kama hannuna da hannun nan mai rawa.

“Akawu, na gode. Da ka buɗe baki ka ce hannuna ne, da yau ba ni da sana'a. Na ga yadda abin ya yi maka nauyi, amma ka riƙe amana.”

Jama'a, nan ne wurin da ya kamata in faɗi gaskiya. Laifin ɗakin taro na minti ɗaya ne, mutum yana iya cewa zuciya ce ta ɗebe shi. Wannan kuwa ina zaune a zaurena, ba alƙali, ba 'yan kallo. Na ce masa, “Haba Kofur, ba komai.”

Mun ƙara shekara shida muna wasa. Ya rufe teburinsa da kansa lokacin da yaran suka gama makaranta, kuma sai a lokacin ya gaya wa Hilda. Labarin da ya ba ta ke nan, har da ni a ciki. Bayan ya rasu an kai shi Kaltungo an binne, ta zo Dawaki da allon a ƙunshe cikin zane. Ta durƙusa ta ajiye a gabana, ta ce ya bar wasiyya a ba mutumin da ya rufa masa asiri. Na sa hannu biyu na karɓa.