Muryata Ta Tona Mini Asiri a Ntoum

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar asuba, na fito daga gidanmu na unguwar Awendjé da tsohuwar waya, littafin rubutu da ƙullin goro. Wata shida na yi ina haɗa 'yar manhajar labarai da Hausa don 'yan'uwanmu mazauna Gabon, har Kawu Sabo, wanda nake tsare wa shago, ya gaji. Ya ce in samo mutum uku da za su buɗe labari da kansu ban sa hannu ba, in ba haka ba ranar Litinin in koma bayan kanta. Ni kuwa tafe nake kamar in taka rawa, don na tabbata kafin azahar zan samu goma.

Oloumi

Shida da kwata tasi ta sauke ni a unguwar Oloumi, gaban shagon Alhaji Bawa mai kayan gyaran mota, aminin Kawu. Muka gaisa, na miƙa goro, na miƙa waya.

"Alhaji, nemo mini labarin gida."

Ya ƙura mata ido, ya gyaɗa kai. "Madalla! Allah ya yi albarka, ɗan Sabo."

Ya mayar mini bai taɓa komai ba. Mutum huɗu a layin nan haka suka yi mini. Na sha albarka har na ƙoshi, littafina kuwa fari fat.

Hanya

Goma da minti ashirin na shiga bas ɗin garin Ntoum don in gwada sa'a a can, tafiyar kusan kilomita arba'in. A shingen jandarmomi aka duba takardun zamanmu, muka wuce. Direban Bamaraɗe ne, na kwashe labarina na faɗa masa. Ya yi dariya har da dukan sitiyari.

"Kai ma da wauta, maigida! Wa zai ci goronka ya kushe maka aiki a gabanka? Ce musu na wani ne, ka sha kallo."

Ntoum

Sha biyu saura na zauna a rumfar Hajja Dudu, mutuniyar Garoua mai shinkafa da kifi. Na ci, na miƙa waya, na ce wani ɗan Kano ne ya haɗa.

Wayyo! Ashe jira take.

"Wannan maɓalli ne ko ƙwayar riɗi? Hannuna duk mai, ta ina zan danna? Ina wajen rasuwa da haihuwa? Ba shi mutum ke fara nema ba? Wannan ɗan Kanon bai taɓa zuwa kasuwa ba!"

Alƙalamina har gudu yake. Wallahi ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Can ta lalubo hoton lasifika ta danna da ɗan yatsanta, labari ya fara. Na manta shaf ni ne na karanta shi na naɗa da muryata.

Ta dubi waya, ta dube ni.

"Ɗana, ai wannan ɗan Kanon da bakinka yake magana."

Rumfa ta kwashe da dariya. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma Hajja ta saurara har ƙarshe, ta sake dannawa da kanta.

Gida

Biyar da rabi na iso Awendjé, Kawu na kan tabarma.

"Mutum nawa?"

"Ɗaya, Kawu."

Na miƙa masa littafin. Ya bi ƙorafin Hajja layi-layi, shafi uku.

"Ta bar ƙorafi ɗaya," in ji shi. "In ka shiga labari, babu hanyar fita. Kwana uku ina kashe wayata ina kunnawa."

"Kawu! Kana buɗewa?"

"Rubuta mutum biyu. Ka je ka gyara, shago ba zai gudu ba."

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, da direba Bamaraɗe, da Hajja Dudu wadda ta wanke ni tas.